Me ya sa buhun siminti ya kama maka baya, alhali mahaifiyarka tana ɗaukar jarka a ka?

Tambayarka ta ƙunshi abubuwa biyu. Ka ce kai ɗalibi ne a sashen koyar da wasanni da motsa jiki, kuma ka fara jin kalmar baiyomekaniks a aji amma har yanzu ba ka ga inda ta taɓa rayuwarka ba. Sannan ka ce a hutun da ya wuce ka sunkuya ka ɗaga buhun siminti daga ƙasa, bayanka ya riƙe har ka kwana uku ba ka iya ruku'u yadda ya kamata ba, alhali mahaifiyarka, wadda ta haura shekara 50, kullum tana ɗauko jarkar ruwa mai lita 25 a ka daga rijiyar burtsatse zuwa gida, ba ka taɓa jin ta yi kukan baya ba. To ɗana, amsar tambayarka ta farko tana cikin ta biyu, don haka da buhun da jarkar zan yi maka bayanin ilimin baki ɗaya.

Baiyomekaniks ilimi ne da yake ɗauko dokokin ƙarfi da motsi, waɗanda injiniya yake auna gada ko injin niƙa da su, ya gwada su a kan jikin mai rai. Wani ɓangarensa yana siffanta motsin ne kawai, wato nisan da gaɓa ta yi da saurinta da kusurwar da ta lanƙwasa. Ɗaya ɓangaren kuma yana bin sawun ƙarfin da ya haddasa motsin, ko daga tsoka ya fito, ko daga ƙasa, ko daga nauyin kaya. Ana danganta kafuwarsa ga wani masani ɗan Italiya, Giovanni Borelli, wanda aka buga littafinsa kan motsin dabbobi a birnin Rum a 1680, shekara guda bayan rasuwarsa. Babban abin da ya gano shi ne tsokokin mutum suna fitar da ƙarfin da ya ninka nauyin abin da yake ɗagawa sau da yawa. Wannan batu shi ne ya kama maka baya.

Idan ka taɓa ganin jigo a fadama, ka riga ka ga tushen maganar. Dogon itace ne a kan gwafa, guga a can ƙarshe ɗaya, dunƙulen laka a ɗaya ƙarshen. Abin da yake juya itacen shi ne nauyin da aka rataya, a ninka shi da nisansa daga gwafar. Shi ya sa bakanike idan noti ya ƙi kwancewa ba ya tsayawa nishi, sai ya zura bututu a hannun sufana ya ƙara mata tsawo, notin ya bi. Masana suna kiran wannan ƙarfin murɗawa, kuma duk gaɓar da ke jikinka da shi take aiki: ƙashi shi ne itacen, gaɓa ita ce gwafar, tsoka kuma ita ce mai ja.

Sai dai jikin mutum an gina shi ne ta yadda tsoka take ja daga kusa da gwafa, kaya kuma suna can nesa. Ɗauki gwiwar hannu. Jijiyar ƙwanji tana manne da ƙashi kimanin santimita 4 daga gaɓar, tafin hannu kuwa yana wajen santimita 32. Idan ka lanƙwasa hannu ka riƙe dutse mai kilo 5, dole ƙwanjinka ya ja da ƙarfin da ya kai kilo 40 kafin dutsen ya tsaya cak. Mai kallo daga waje zai ce wannan asara ce, amma akwai hikima a cikin halittar: idan tsokar ta tsuke da santimita 1, tafin hannu zai yi tafiyar santimita 8 a daidai wannan lokacin. Mun biya da ƙarfi ne muka sayi sauri da faɗin motsi, kuma da wannan cinikin muke jifa da naushi da harbin ƙwallo.

Yanzu mu koma ga buhunka. Tsokokin da suke miƙar da gadon baya suna kwance ne kimanin santimita 5 a bayan tsakiyar ƙashin baya. Buhun siminti kilo 50 ne. A yadda ka siffanta, ka sunkuya ƙafafunka a miƙe ka kama shi ta kusurwoyi biyu, don haka bari mu ƙaddara tsakiyar buhun tana santimita 40 gaba da ƙasan bayanka. Arba'in ta ninka biyar sau takwas, ke nan tsokokin bayanka sun ja da ƙarfin kilo 400 saboda buhun kaɗai. Ba a nan lissafin ya tsaya ba, domin kanka da ƙirjinka da hannayenka su ma kaya ne da suka rataya a gaba. Ga mutum mai kilo 70, wannan sashe na jiki yakan kai kilo 35 ko fiye, kuma idan tsakiyarsa tana santimita 25 a gaba, an ƙara wani kilo 175. Duk wannan jan yana matse faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya. Lissafi ne na kusa-kusa, amma ya isa ya nuna maka girman abin. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ɗauki matsin da ya kai kimanin kilo 350 a kan wannan faifai a matsayin iyakar da ya kamata a fara taka tsantsan, kuma a ƙa'idar ɗaga kaya da ta sabunta a 1991 ta sanya kilo 23 a matsayin nauyin da mafi yawan ma'aikata za su riƙa ɗagawa lafiya idan yanayin ɗagawar ya yi kyau ta kowace fuska. Buhunka ya ninka wannan fiye da sau biyu, kuma yanayin bai yi kyau ba.

An auna wannan matsin a jikin mutum kai tsaye. Alf Nachemson ya fara yin haka a Suwidin a shekarun 1960, sannan a 1999 Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a Jamus suka sanya ɗan ƙaramin ma'auni a cikin faifan bayan wani mutum da ya ba da kansa don gwajin. Yana tsaye kawai ba kaya, ma'aunin ya nuna megafaskal 0.5 (megafaskal awon matsi ne). Da ya ɗaga kilo 20 bayansa a ranƙwafe, ya nuna 2.3. Da ya lanƙwasa gwiwoyi ya ɗaga, ya sauko 1.7. Da ya riƙe kayan a manne da jikinsa, 1.1. Mutum ɗaya ne aka auna, don haka kada ka ɗauki lambobin tamkar na kowa da kowa, amma ka lura da jerin: nauyin bai canza ba, kilo 20 ne a awo ukun ƙarshe duka, nisansa daga ƙashin baya ne ya yi ta canzawa.

A nan ina so in faɗi ra'ayina a kan shawarar da kowa ya haddace, wai ka lanƙwasa gwiwa kada ka lanƙwasa baya. Shawara ce mai amfani, amma an fifita ta fiye da ƙima. Na sha ganin wanda ya tsuguna da kyau, bayansa a miƙe sambal, amma kayan suna can gaban gwiwoyinsa, ya miƙa hannu yana janyo su. Wannan bai tsira da komai ba. Wanda ya sunkuya kaɗan amma ya sa kayan tsakanin ƙafafunsa ya rungume su ya fi shi sauƙi a baya. Kusantar kaya ita ce ta farko. Bayan ta sai guje wa murɗa ƙugu alhali ana ɗauke da nauyi, da guje wa fizga.

Mahaifiyarka kuwa, da ta naɗa gammo ta ɗora jarka, ta sanya kilo 25 ɗin a kan layin da ya bi ta ƙoƙon kai da ƙashin baya da kwatangwalo har zuwa tafin ƙafa. Nisan kayan daga wannan layi kusan babu shi, don haka ƙarfin murɗawa ma kusan babu, tsokokin bayanta ba su da wani babban ja da za su yi. Ƙasusuwa ne suke ɗauke da nauyin kamar yadda ginshiƙi yake ɗauke da rufi. Ka lura da ita wata rana: wuyanta ba ya motsi, idanunta ne suke juyawa, takunta gajere ne kuma a daidaice, kuma lokacin da ya fi mata wuya shi ne na ɗorawa da na saukewa, shi ya sa take kiran wani ya kama mata. Ta san inda haɗarin yake tun kafin a ba shi suna a littafi.

Masana sun yi nazarin irin wannan ɗauka. A 1986, Geoffrey Maloiy da Norman Heglund da abokan aikinsu sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da matan ƙabilun Luo da Kikuyu a Kenya, inda suka ga matan suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da iskar da suke shaƙa don aikin ta ƙaru ba, kuma wasu suna ɗaukar har kashi 70 cikin 100. Bayanin da aka bayar daga baya yana da alaƙa da yadda tafiya take. A kowane taku, cibiyar nauyin jiki, wato wurin da nauyin jiki ya daidaita ta kowane gefe, wadda take cikin ƙugu ƙasa da cibiya kaɗan, tana hawa idan ƙafar da ke ƙasa ta miƙe, sannan ta gangaro gaba, kamar lilo da aka kifa. Gangarowar tana ba da saurin da za a hau na gaba da shi. Mai tafiya da matsakaicin sauri yana maido kusan kashi 65 cikin 100 na kuzarinsa ta wannan musaya, matan nan kuwa an ga suna kaiwa wajen kashi 80 idan suna ɗauke da kaya. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya da matan Xhosa a Afirka ta Kudu sun nuna ba kowace mai ɗauka a ka take samun wannan rangwame ba, kuma da yawansu sun koka da ciwon wuya. Saboda haka kada shirun mahaifiyarka ya ruɗe ka. Idan nauyinta kilo 60 ne, jarkar ta haura kashi 40 cikin 100 na jikinta, kuma ƙananan ƙasusuwan wuya ne suke karɓar wannan matsi kowace rana. Iyayenmu mata ba su cika faɗin ciwo ba. Ka tambaye ta game da wuyanta da kafaɗunta, ko tana jin hannunta yana dindiris, kuma ka karɓe mata wannan aiki ko ka samo baro. Yara ƙanana ma bai kamata a ɗora musu cikakkiyar jarka ba.

Bayan nisa, abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne lokaci. Ka taɓa tsayawa inda ake sauke kankana daga mota? Na sama yana jefowa, na ƙasa yana cafewa, kuma ba za ka taɓa ganin ya tare ta da sandararrun hannaye ba. Yana tarbar ta a gaba, ya bi ta da hannu zuwa gefen cinyarsa, gwiwoyinsa su ɗan saki, sannan ya miƙa wa na kusa. Saurin da kankanar ta zo da shi dole a tsayar da shi ko ta yaya, amma idan aka tsayar da shi a hankali ƙarfin da ake buƙata ya ragu, idan aka tsayar da shi farat ɗaya sai ƙarfin ya yi tsalle, ko kankanar ta fashe ko wuyan hannu ya yi targaɗe. Wannan yana cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687, tare da ɗaya dokar da ta ce duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka daidai gwargwado.

Ƙasa ma haka take yi mana. A ɗakunan gwaji akwai wani faranti da ake binnewa a daɓe yana auna martanin ƙasa a kan ƙafa. Mai tafiya yana karɓar abin da ya ɗan haura nauyin jikinsa a kowane taku, mai gudu yana karɓar ninki 2 zuwa 3, masu tsallen taku uku kuwa an auna musu fiye da ninki 10. Wanda ya diro daga bayan mota ƙafafunsa a miƙe ya yi irin kuskuren mai tarar kankana da sandararren hannu. Wanda ya sauka a kan gaban tafin ƙafa, idon sawu da gwiwa da kwatangwalo suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa tsayawar a kan lokaci mai ɗan tsawo. Mafi yawan tsinkewar jijiyar nan da ke gicciye a cikin gwiwa, wadda take ajiye ɗan ƙwallo watanni, tana faruwa ne ba tare da wani ya taɓa shi ba: ya dira ko ya yi kwana da sauri, gwiwar kusan a miƙe, ta kuma karkata ciki. Idan ka zama malamin wasanni, koya wa yara dira kafin ka koya musu tsalle. Ni a ganina babu darasin da ya fi wannan kare su. Kuma fizgar da ka yi wa buhun nan ita ma maganar lokaci ce, domin tayar da kilo 50 cikin ƙiftawar ido yana neman ƙarfin da ya wuce na tayar da shi sannu a hankali.

Jiki ba ya zubar da duk ƙarfin da ƙasa ta mayar masa. Agara, wato kakkaurar jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da diddige, tana miƙewa kamar danƙo idan ƙafa ta sauka, ta ajiye kuzari, ta sake shi a lokacin tashi. Wani bincike da Robert Ker da McNeill Alexander da abokansu suka wallafa a Ingila a 1987 ya ƙiyasta cewa agara tana ajiye kimanin kashi 35 cikin 100 na kuzarin kowane taku na gudu, bakan tafin ƙafa kuma kashi 17. Gwada da kanka: tsuguna ka tsaya daƙiƙa uku sannan ka yi tsalle, sa'an nan ka sake yi ba tare da tsayawar ba. Na biyun zai fi tashi.

Sauran abin da za ka gani a filin wasa duk rassan waɗannan ne. Ɗan kokawa yana buɗe ƙafafu ya rage tsawo domin cibiyar nauyinsa ta sauko kuma ta zauna a tsakiyar faɗin matsayarsa, abokin karawarsa kuma duk dabararsa ita ce ya fitar da wannan cibiya waje da ƙafafun, ko ta hanyar ja, ko ta ɗauke ƙafa ɗaya. Ɗan dambe da ya iya ba da hannu yake fara naushi ba. Ƙafar baya ce take tura ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, kafaɗa ta karɓa, hannun da aka naɗe ya zo a ƙarshe, kowace gaɓa tana miƙa wa ta gaba saurin da ta tara. Wanda ya tsallake ƙafa da ƙugu ya dogara ga kafaɗa, naushinsa ba nauyi kuma kafaɗar ba ta daɗewa. Dick Fosbury ya ci zinare a tsallen sama a gasar Olamfik ta Meziko a 1968 da mita 2.24 ta hanyar tsallakawa da baya, jiki a lanƙwashe kamar baka, salon da yake barin sassan jiki su haye sandar ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ɗaga cibiyar nauyi can sama da ita ba. A tsallen nesa kuma, irin wanda Chioma Ajunwa ta ciyo wa Najeriya zinare da shi a Atlanta a 1996 da mita 7.12, lissafin aji zai ce ka tashi da kusurwar digiri 45, amma gwanaye suna tashi ne da wajen digiri 20, saboda neman tashi sama sosai yana cinye saurin gudun da aka taho da shi.

Akwai tambayar da na san za ta zo maka: to yaya ɗan dako yake saɓa buhun masara mai kilo 100 ya hau katako da shi zuwa cikin mota, ya yi ta yi har yamma? Da farko dai, ba daga ƙasa yake ɗaga shi shi kaɗai ba. Mutum biyu ne suke cicciɓawa su ɗora masa a kafaɗa da wuya, kusa da wancan layi na tsakiya. Na biyu, jiki abu ne mai rai da yake sake gina kansa gwargwadon aikin da ake ba shi. Likitan Jamus Julius Wolff ya rubuta tun 1892 cewa ƙashi yana ƙara kauri a inda ake ɗora masa nauyi, ya kuma rage a inda aka bar shi. Tsoka tana ƙara ƙarfi cikin makonni, jijiya da ƙashi kuwa sai an yi watanni. Ɗan dakon ya yi shekaru yana gina bayansa, duk da cewa shi ma yawan aikin yakan ci jikinsa idan shekaru suka ja. Kai kuma ka fito ne daga zangon karatu da ka shafe a kan benci, ka tunkari kilo 50 rana ɗaya. Idan ma da sassafe ne, to an ƙara wani dalili, domin faya-fayan baya suna shan ruwa su kumbura cikin dare, har mutum yakan fi tsawo da santimita 1 zuwa 2 da safe, kuma a wannan lokaci sunkuyawa ta fi takura su.

Kada wannan bayani ya sa ka ji tsoron bayanka. Gadon baya gini ne mai ƙwari, kuma mafi yawan irin wannan riƙewa tsoka ce ko jijiya ta ji jiki, tana warwarewa cikin makonni kaɗan, galibi kafin shida. Kwanciya tsawon kwanaki tana jinkirta sauƙi, don haka ka ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka gwargwadon abin da za ka iya jurewa. Amma idan ciwon yana sauka ƙafa har ya wuce gwiwa tare da dindiris ko rashin ƙarfi, ko ka ji tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa kufce maka, ko zazzaɓi da rama suka biyo baya, ka tafi asibiti a ranar, kada ka tsaya wajen mai tausa ko mai ɗori.

Ranar da buhu ya sake haɗa ka da aiki, ka fara tayar da shi tsaye a kan gindinsa, ka matso har ya shiga tsakanin ƙafafunka, ka tsuguna ka rungume shi a ƙirji, ka ɗaure ciki, ka miƙe da cinyoyi ba tare da fizga ba, kuma idan za ka juya ka juya da ƙafafu. In da mutum a kusa, ku kama tare. Domin karatunka kuma, ka sa abokinka ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe kana ɗaga bokitin ruwa sau biyu, sau ɗaya nesa da ƙafafunka, sau ɗaya a tsakaninsu. Tsayar da hoton a daidai lokacin da bokitin ya bar ƙasa, ka ƙiyasta ainihin nisan da ke tsakaninsa da ƙasan bayanka da santimita a kowanne, ka raba da santimita 5, ka ninka da nauyin bokitin, ka kai wa malaminka lambobin biyu.